Saura santimita biyu

Tun saura mako guda na fara shiri. Yara sun daɗe suna damuna a kai su wurin wasan nan mai lilo iri-iri, ina ta ce musu sai an yi hutu, har hutun ya zo na rasa abin fakewa. Mu huɗu ne: ni, maman yara, babban ɗanmu mai shekara 9 da kowa a gidan ke kira Yaya saboda haka ƙanwarsa ke kiransa, sai ita Ummi da ta cika shekara 4 kwanan baya. Ni mutum ne mai son tsari, wani lokaci har abin ya yi yawa. Na shiga shafin wurin a intanet, na sauke taswira, na sayi tikiti tun daga gida don kada mu tsaya layi a ƙofa, sannan na ɗauki biro da takarda na jera abubuwa 14 da za mu hau, kowanne da lokacinsa. Maman yara ta leƙa takardar ta ce, "Abbansu, yawon shaƙatawa za mu je ko jarrabawa?" Na yi kamar ban ji ba.

A shafin ne na fara ganin cewa kowane lilo yana da lamba a gefensa: 90, 100, 120, 140. Tsawon yaro ke nan da santimita. Shekarunsa ba su dame su ba, balle wayonsa ko rashin tsoronsa. Na kira Ummi na jingina ta da jikin ƙofar ɗaki, na ɗora littafi a kanta, na ja layi da fensir, na auna da tef. Ɗari cif. Na yi murna, domin akwai wani ƙaramin jirgi mai siffar tsutsa da ke hawa tudu ya gangara, wanda ta gani a hoto ta ƙwallafa rai a kansa, kuma lambarsa 100 ce. Nan take na ce mata, "Ummina, kin kai. Jirgin tsutsa za mu fara hawa." Kwana bakwai tana faɗa wa duk wanda ya shigo gidan.

Daren tafiya muka haɗa jaka, ba a fafe gora ranar tafiya. Gorunan ruwa, huluna, kayan canji cikakku na Ummi, ƙaramin tawul, filasta, leda biyu babu komai a ciki. Inda muka yi musu shi ne keken tura yaro. Ummi ta daina shiga tun bara, ni kuma ina ganin ƙarin kaya ne kawai. Maman yara ba ta tsaya jayayya ba, ta naɗe shi ta kai mota da kanta. Da safe kafin mu fita na ɗauki kowane yaro hoto cikin kayan da ya sa, don in wani ya ɓace in sami abin nunawa, saboda a cikin ruɗewa mutum kan manta ko kalar rigar ɗansa. Na zaunar da Ummi na maimaita mata: in ba ki gan mu ba, ki tsaya inda kike, kada ki bi kowa, ki kira mai rigar ma'aikata ko matar da kika gani da yara. Ta gyaɗa kai tana kallon takalminta.

Mun isa ana saura minti 20 a buɗe, amma wurin ajiye motoci har ya fara cika. Na ɗauki hoton lambar layin da muka ajiye motar, dabarar da ta cece mu da dare. A ƙofa aka buɗe jakunkuna aka duba, aka haska tikitin da ke wayata, aka ɗaura wa kowa wani siririn abu na takarda a wuyan hannu. A kan na Ummi na rubuta lambar wayata da biro. Na Yaya kuwa ban rubuta komai ba, ai babba ne.

Takardata ta ce ƙarfe 10 da minti 5 muna gaban jirgin tsutsa. Taku kaɗan da shigarmu akwai wata na'ura a saman fitila tana feso kumfar sabulu, ƙwallaye ƙanana da manya suna shawagi a iska. Ummi ta saki hannuna. Minti 20 muka yi a wurin tana tsalle tana fasa su da tafin hannu, mutane suna ta wuce mu suna rige-rigen layi, ni ina duba agogo ina haɗiye magana. Da ƙyar na janye ta, sai ga wani mutum cikin kayan zomo, kansa ya kai girman tukunya, ya durƙuso ya buɗe mata hannuwa. Ihun da ta kurma sai da jama'a suka waiwayo. Ta ƙanƙame ƙafar mamanta tana rawar jiki, Yaya kuwa ya je ya rungume zomon yana dariya. Ban ga laifinta ba. A hoto zomon bai wuce tafin hannunta ba, ga shi yau ya ninka ta biyu, ba ya magana, idonsa ba ya ƙiftawa, bakinsa a buɗe da murmushin da ba ya sauyawa. Mai kayan ya san aikinsa, ya ja da baya ya ɗaga mata hannu daga nesa, ya juya wajen wasu yaran.

A bakin layin jirgin tsutsa akwai sanda a tsaye, da wani ƙarfe a gicciye a samanta. Wata matashiyar ma'aikaciya ta yi wa Ummi murmushi ta ce ta zo ta tsaya. Ta tsaya. Ma'aikaciyar ta ce ta haɗe ƙafafu, ta sauke diddige ƙasa, sannan ta sa hannu a hankali ta kwantar da gashin da aka tara mata a tsakiyar ka. Sai ga sarari tsakanin kanta da ƙarfen, wanda yatsana ɗaya zai shige.

"Yi haƙuri Baba, ba ta kai ba. Saura kamar santimita biyu."

Na ce mata na auna a gida, ɗari ce cif. Ta ce ta yarda, amma sandar nan ce ke yanke hukunci. Na ce ni zan zauna kusa da ita, zan riƙe ta da hannu biyu. Ta girgiza kai. Na rage murya na ce ai santimita biyu ba wani abu ba ne, wa zai sani? Ina faɗa ina jin kunyar kaina, don na san da wani na gani yana wannan roƙon da na yi masa dariya. Ma'aikaciyar ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna mini kujerar jirgin da ya tsaya, ta ce in dubi ƙarfen da ake saukewa a kan cinya. Ƙarfe ɗaya ne ga mutum biyu, kuma inda ya taɓa cinyar babba a nan yake tsayawa. Yaron da bai kai ba, tazara ke ragewa tsakaninsa da ƙarfen, ƙafarsa ba ta dafa ƙasa da kyau, in jirgi ya yanko kwana sai ya zame. Ta ce masu ƙera jirgin ne suka sa lambar, ita ba ta da ikon ragewa, kuma hannun mutum ba ya riƙe abin da ƙarfe ya kasa riƙewa.

Wani mutum a bayana ya raɗa mini wai in je in cusa mata takarda a takalmi in dawo. Wallahi sai da na yi tunanin abin na ɗan lokaci. Maman yara ta dube ni, irin kallon da ba ya buƙatar fassara.

Daga baya na gano inda awona ya kuskure. Littafin da na ɗora ya hau kan tulin gashi ne, kuma ina kyautata zaton ta ɗan ɗaga diddige don ta burge ni. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: mutum ya fi tsawo da sassafe. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana matsewa in an wuni a tsaye, ya sake buɗewa in an kwanta, har bambancin ya kai santimita guda ko fiye. Ni da farkawarta na auna ta. Duk wannan bayani bai amfane ni da komai ba a lokacin, don gabana yarinya ce da na yi wa alkawari, ta ɗago kai tana tambaya, "Abba, ba ka ce na kai ba?"

Na durƙusa na ce mata ni ne na yi kuskuren awo, ba ita ba. Kuka ta yi sosai, irin mai shessheƙa, ta ƙi yarda in ɗauke ta. Mamanta ta saɓa ta a kafaɗa muka bar wurin, jirgin tsutsa yana wucewa ta saman kanmu cike da yara suna ihun daɗi.

Lilon dawaki ne ya share hawayen. Shi ba ruwansa da tsawo in dai babba zai tsaya kusa. Ummi ta zagaya sau biyu tana duba dawakan kamar mai saye, ta zaɓi wani fari mai jan sirdi a layin ciki. Ta yi dace ba tare da ta sani ba, don dokin ciki da'irarsa ƙarama ce, gudunsa bai kai na waje ba, kuma nata yana cikin waɗanda ba sa hawa da sauka. Zagayen farko ta riƙe sandar gam, fuska a ɗaure. Na biyu ta saki hannu ɗaya ta ɗaga wa Yaya. Da aka tsaya ta ce a sake. Babu layi, aka sake. Ta ce a ƙara. A karo na huɗu na bar mamanta ta tsaya da ita, na sami benci na zauna da takardata a hannu, ƙarfe 11 da rabi, abu ɗaya tal muka yi cikin 14.

A bencin nan na tuna labarin Walt Disney, Ba'amurken nan mai finafinan katun da ya gina shahararren wurin wasa na Disneyland. Shi da kansa ya sha faɗin cewa tunanin gina wurin wasansa ya zo masa ne yana zaune a benci a wani lambu a Los Anjelis, yana kallon 'ya'yansa mata biyu a kan lilon dawaki, shi kuma ba shi da abin yi. Ya ga ya kamata a sami wurin da iyaye da yara za su yi nishaɗi tare, aka buɗe Disneyland a Kalifoniya a watan Yulin 1955. Na dubi benci na dama da na hagu, duk iyaye ne riƙe da jakunkuna da huluna da gorunan ruwa, kowa ya zuba ido yana jiran ɗansa ya zagayo ya ɗaga masa hannu. Duk shekarun nan da suka shuɗe, bencin dai bai rasa mazauna ba.

Yaya ya yi haƙuri har ya gaji. Shi babban jirgin yake so, mai lamba 120, wanda tun daga wurin ajiye motoci ake jin ihun mutanen cikinsa. A nan na koyi wani tsari da ban san da shi ba sai da na tambaya. In iyali suna da yaron da bai kai ba, babba ɗaya ya bi layi ya hau, ɗayan ya jira da yaron, in sun sauko sai na biyun ya shiga ta ƙofar fita ba tare da ya sake bin layi ba, kuma yana iya tafiya da babban yaron. Wato Yaya zai hau sau biyu. Da ya gane haka sai da ya yi tsalle. Wurare da yawa suna da irin wannan, sai dai ba a cika tallata shi ba, kai za ka buɗe baki ka tambayi mai tsaron layi.

Allon bakin layi ya ce minti 40. Mun yi 50. An lanƙwasa layin kamar hanji, ka je ka dawo, ka je ka dawo, kana ta haɗuwa da fuskoki iri ɗaya, kuma duk lokacin da ka ce an iso sai a sha kwana ka ga wani ɗakin cike da mutane. Ana cikin haka jirgin ya tsaya cak na kusan minti 10, aka yi sanarwa a lasifika a yi haƙuri. Yaya ya tsorata ya ce ko ya lalace ne. Na gaya masa abin da na sani: an raba titin jirgin kashi-kashi, kwamfuta ba ta barin jirgi biyu su shiga kashi ɗaya, in wata na'ura ta ga abin da bai yi mata ba sai ta tsayar da komai har a duba. Tsayawar ita ce shaidar abin yana aiki. Na faɗa da ƙarfin hali, amma cikina ni ma ya ɗuri ruwa.

Muka zauna, ƙarfe ya sauko ta kafaɗa, ma'aikaci ya bi kowa ya jijjiga ya tabbatar ya kulle. Irin wannan jirgi ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce ke jan shi zuwa saman tudun farko, kuma ƙaf-ƙaf-ƙaf ɗin da ake ji yayin hawa wani haƙorin ƙarfe ne ke bin tsani don kada jirgi ya koma da baya in sarƙa ta saki. Daga ƙololuwa nauyinsa ne kawai ke tafiyar da shi har ƙarshe, shi ya sa tudun farko ya fi duk na bayansa tsawo. Tayoyinsa kuma kashi uku ne, wasu a saman titi, wasu a gefe, wasu a ƙarƙashi, sun cafke ƙarfen ta ko'ina. Duk na san wannan. Da muka kai sama na hango motoci kamar ƙwaro, jirgin ya ɗan dakata, ya sunkuyar da kai, ilimin nan gaba ɗaya ya gudu ya bar ni. Hanjina ya taso wuya. Ban san na rufe ido ba sai da na ga hoton da na'urarsu ta ɗauka a wajen fita, ni baki a wangame ido a runtse, Yaya hannu biyu a sama. Duka tafiyar ba ta kai minti biyu ba.

Maman yara ta ce ita Allah ya kiyaye ta hau. Yaya ya yi ta magiya, "Umma don Allah, in ba ki hau ba ni ma ba za a bar ni ba." Ta miƙo mini Ummi ta bi shi. Daga ƙasa na gane muryarta cikin muryoyin mutum 20.

Abin da ya biyo baya shi ne ban so tunawa, kuma laifina ne daga farko har ƙarshe. Suna saukowa, maman yara tana dafe da kai, Ummi ta ce fitsari, kuma yaro ɗan shekara 4 in ya faɗa to ya riga ya matse. Uwar ta ja ta da sauri suka nufi banɗaki. Na ce wa Yaya ya tsaya nan gaban allon hotuna kada ya motsa, in ɗauko keken da muka ajiye a bakin layi. Na je na tarar ma'aikata sun sake jera kekunan, sun fi 30, rabinsu baƙaƙe irin namu. Ina cikin dubawa waya ta yi ƙara: ba su kai ba, Ummi ta jiƙe, in kawo jaka maza. Na fizgi keken na ruga. Muka canja mata kaya, aka sa jiƙaƙƙun a leda, aka wanke hannu, aka lallashe ta don kunya ta sa ta fara sabon kuka. Sai maman yara ta ɗago ta ce, "Ina Yaya?"

Na ce ba tare kuka taho ba? Ta ce ba kai na bar wa shi ba?

Ban taɓa jin sanyi irin wannan a tsakiyar rana ba. Na manta sarai da bakina na ce ya tsaya. Na fara waige-waige, duk yaron da na gani mai shuɗiyar riga sai gabana ya faɗi. Na tuna ba shi da waya, ban rubuta masa lamba ba, kuma ban taɓa gwada shi na ji ko ya haddace tawa ba. Duk shirin ɓata da na yi, a kan ƙaramar na yi shi. Na tare wani ma'aikaci na nuna masa hoton safe, ya yi magana a rediyon hannunsa ya faɗi kalar riga da shekaru, sannan ya tambaye ni a natse, "A ina ka gan shi na ƙarshe?" Tambayar ce ta dawo mini da hankali. Na kwasa da gudu.

Yana nan. Gaban allon hotuna, daidai inda na bar shi, ya harɗe hannuwa a ƙirji, idonsa ya yi ja amma bai bari hawaye ya zubo ba. Kusan minti 20 yana tsaye. Ya ce, "Abba, ka ce kada in motsa." Na rungume shi na kasa cewa komai. Kafin mu bar wurin na ari biro na rubuta lambata a abin hannunsa, kuma daga ranar muka sa doka ni da mamansu: duk wanda zai bar yaro a hannun ɗaya sai ya faɗa da baki, ɗayan ya amsa da baki.

Bayan wannan babu wanda ya ƙara tambayar takardata, ni ma na ninke ta na tura aljihun baya. Muka sami inuwa muka ci abinci, muka ɗura wa yara ruwa ko ba su nema ba, don yaro in wasa ya ɗauke masa hankali ba ya cewa yana jin ƙishi sai ya galabaita. Ummi ta fara rigimar da ba ta da kai: hularta ta matse ta, a cire, a mayar, Yaya ya kalle ta, ƙafarta na ciwo. Mamanta ba ta ce uffan ba, ta buɗe keken nan da na ce ƙarin kaya ne, ta kwantar da bayansa, ta yafa tawul ta gefen rana. Ko minti biyar ba a yi ba yarinya ta yi barci, baki a buɗe. Yaran shekara 3 zuwa 5 suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana, mu kuma mun tashe ta da wuri bayan ɗoki ya hana ta barci da daddare. Awa ɗaya da minti 20 ta yi. Maman yara ta dube ni ta dubi keken, ba ta ce komai ba, ni ma na kawar da kai.

Lokacin barcin na kai Yaya motocin karo, ya yi ta dukan tawa ta baya yana ƙyalƙyala dariya. Daga nan ya ja ni wasu manyan kofuna da ake zama a ciki suna juyawa, kowane kofi da sitiyari a tsakiya, in ka murɗa ya ƙara gudu. Ya murɗa iya ƙarfinsa. An ce yara ne suka fi saurin tashin zuciya a irin wannan, saboda abin da ido ke gani da abin da can cikin kunne ke ji sun saɓa, ƙwaƙwalwa ta rikice. Ranar dai ni abin ya kama. Na sauko ƙasa tana juya mini, na dafa shinge, leda ta biyu ta kusa yin amfani.

Da Ummi ta farka sai ta zama wata yarinya daban. Muka bar ta ta ja gaba. Ta kai mu wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaya wurin a hankali kamar tafiyar hawainiya, ta kai mu gaban wani tafki ta tsaya tana ƙirga agwagi, ta kai mu filin da ruwa ke tsartuwa daga ƙasa, inda kayan canjin da suka rage suka ƙare. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardata.

Rana ta yi sanyi muka nufi babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, wanda ake zama cikin akwatuna yana ɗaga mutum sama a hankali. Na yi zaton za ta ji tsoro, don haka na shirya lallashi. Na ba Yaya labarin cewa wani injiniya Ba'amurke, George Ferris, shi ya gina wanda ya yi suna a bikin baje kolin duniya na Shikago a 1893, tsawonsa kusan mita 80, da akwatuna 36, kowanne yana ɗaukar mutum har 60. Yaya ya tsaya lissafi da yatsu ya ce mutum 2,160 ke nan a lokaci ɗaya. Namu bai kai rabin wancan ba, mu huɗu ne kawai a akwatinmu. Yana tashi yana tsayawa don a ɗauki wasu a ƙasa, akwatin yana ɗan lilo duk tsayawa, maman yara ta riƙe ƙarfe da hannu biyu. Ummi kuwa ta manna goshi da hanci a jikin gilashi. Da muka kai can sama aka tsaya, fitilun wurin suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna ƙasa da yatsa ta ce, "Abba, ga dokina." Ta nemo zomon ma, ɗan mitsitsi a cikin taro, ta yi masa dariya ta ce yanzu ta fi shi girma. Sai ta hango jirgin tsutsa yana zagaye da fitilu kore. Na yi shiru ina jiran kuka. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ashe ɗan ƙarami ne."

Hanyar fita ta cikin kanti aka bi da ita, ba yadda za ka kai ƙofa sai ka ratsa tsakanin 'yan tsana da balan-balan, kuma an jera su daidai tsawon idon yaro. Wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi. Mun riga mun yi yarjejeniya tun a mota cewa kowa abu ɗaya, kuma da mamaki aka cika ta ba rigima. Ummi ta ɗauki ƙaramin zomo, irin wancan da ya firgita ta da safe. A waje duhu ya yi, motoci duk sun zama iri ɗaya, hoton lambar layi ya kai mu wurin tamu. Kafin in tayar da mota su biyun sun yi barci. Na zaro takardar daga aljihu ta jiƙe da gumi, na ƙirga abin da muka yi a cikinta, biyar.

Washegari da sassafe ina kwance ƙafafuna suna zogi, na ji ana jan bargo. Ummi ce, zomo a hammata, fensir a hannu, littafin nan a ɗaya hannun.

"Abba, tashi ka auna ni."

Na tashi. Ta jingina da ƙofa, ta haɗe ƙafafu, ta sauke diddige da kanta, ta sa hannu ta danne gashinta yadda ma'aikaciyar ta yi. Na ɗora littafi na ja layi, ya faɗo ƙasa da na makon jiya. Ta juyo ta dubi layukan biyu, ta ce in goge na saman, na ƙarya ne. Na nemo abin gogewa na goge.